Salula, gawo da amana: me dandalin intanet ke tsinana wa ƙasar Maraɗi?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye a jaharmu ya san rumfar mai caji. Farantin hasken rana ɗaya ko biyu a kan rufi, batirin mota a ƙarƙashin tebur, igiyoyi sun sarƙe kamar yaɗon kabewa, wayoyi a jere kowace da ƴar takarda mai lamba. Mutum ya zo da akuya ko tiyar wake, kafin ya nemi dillali sai ya fara miƙa salularsa a sa mata caji. Da la'asar ya karɓa, ya sayi mega na dala ashirin ko arba'in, ya hau wani tudu inda rezo ke kamawa, ya saurari abin da ya taru masa tun kasuwar da ta wuce: muryar ɗansa da ke Agadas, wa'azi, farashin taki, hoton ambaliyar da ba a san ko ta wace ƙasa ce ba.

Daga bakin wannan rumfa nake so mu dubi maganar da ake ta yi a manyan tarukan duniya, cewa dandalolin intanet za su taimaki jama'a da muhalli su ɗore. Kalmar dandali ta dace da abin. Dandalin gari fili ne kawai, ba ya noma, ba ya saƙa, amma nan ake haɗuwa, nan labari ke tashi. Haka WhatsApp da Facebook da TikTok suke, haka manhajojin tura kuɗi da na hasashen ruwan sama: suna haɗa mai nema da mai bayarwa. Inda suka rabu da dandalin gari shi ne suna da mai su. Shi ke tsara muryar da za ta yi nisa da wadda za ta tsaya nan kusa, shi ke cin la'ada, shi ke ajiye bayanin duk wanda ya shigo. Ɗorewa kuwa, in an sauko da ita daga bakin masana, ba wani abu ba ce illa gonar da ka gada ta kai ga jikanka tana ba da hatsi, rijiya ba ta ƙafe ba, manomi da makiyayi na gaisawa da safe, mace na da ta cewa kan abin da guminta ya kawo.

Ra'ayina, bayan shekaru ina kallon abin a birni da ƙauye, shi ne waya ba ta haifar da gyara, ba ta kuma haifar da amana. Abin da ta iske a gari shi take ɗauka ta ruga da shi. Babu kuwa jahar da ta fi tamu hujjar faɗin haka, domin gyaran ƙasar da duniya ke buga misali da shi a Sahel, a gonakinmu aka fara shi tun salula ba ta shigo ba.

Dattawa sun san labarin. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonaki sun zama fayau. Iska ta taso ta binne shuka, a sake shukawa sau biyu, sau uku. Mata na yini a daji neman ice, daga baya aka koma ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashe, akasarin dashen ya mutu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona da mishan ɗin SIM a nan Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa duk bazara toho ne na kututturan itatuwa masu rai, saiwarsu na nan lafiya lau a ƙarƙashin ƙasa: kalgo, sabara, geza, magarya. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga gatari da bakin dabba. Sassaben zamani ke nan, kuma manoma da yawa sun san dabarar tun kakanni. Ba jahilci ne ya hana su ba. Tun zamanin Turawan Faransa doka ta mai da itace na gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Da hannun hukuma ya sassauta, manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, maƙwabci na leƙen maƙwabci, gani ya kori ji. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye gari ya kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki, aka sa doka, aka sa tara ta gari da kowa ya amince da ita.

Fasahar zamani daga baya ta zo, kuma aikin shaida ta yi. Sai da masana irin su Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij suka jera hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000, sannan duniya ta yarda cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba na raina wannan shaida. Ita ta sa masu ba da kuɗi suka rage kallon manomin Sahel a matsayin mai kashe daji, tana kuma cikin abin da ya share hanyar dokar 2020 da ta amince da haƙƙin manomi kan itacen da ya rena a gonarsa. Amma tauraron ɗan'adam bai datse reshe ko ɗaya ba. Haka nan Mata Masu Dubara, asusun matan da ƙungiyar CARE ta fara a jahar nan a 1991, wanda yanzu miliyoyin mata ke kwaikwayo a ƙasashe da dama: akwati ne da makullai a hannu daban-daban, da mata masu sanin halin juna. Duk abin da manhaja za ta ƙara, a kan wannan za ta ɗora shi.

To, me waya ta ƙara? Mu fara da kasuwa, tunda Maraɗi garin fatauci ne.

Kafin 2001 salula ba ta shiga kasuwannin Nijar ba. Ɗan kasuwar hatsi da ke son sanin farashi a Tasawa ko Dakwaro ko Sabon Mashi sai ya hau mota ko ya aiki yaro. Wata masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, lokacin da eriyoyi ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda rezo ya kai. Wannan binciken ake yawan kafa hujja da shi a tarukan da na ambata, kuma gaskiya ne. Sai dai a tsakiyar waɗannan shekaru ne yunwar 2005 ta same mu, lokacin da likitocin agaji suka cika rumfuna da yara masu tamowa a nan Maraɗi, alhali akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Labarin farashi yana kai buhu inda kuɗi yake, ba inda ciki ke ƙugi ba. Daga baya ita dai masaniyar, tare da Marcel Fafchamps, ta duba abin da manomi ke karɓa a hannu. Tazarar farashin wake ta ragu da kashi 6 cikin 100, ta hatsi da dawa ba ta motsa ba, kuma kuɗin da manomi ke samu bai ƙaru ba.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Kawuna ya san farashin tiya a kasuwanni uku kafin ya karya kumallo, amma da kaka yake sayarwa, lokacin da ta fi araha, domin bashin taki na jiransa, ga bikin ɗiya, ga kuɗin magani. Na taɓa ce masa, “Kawu, ai ka ji sun ce zai tashi da bazara.” Ya ce, “Na ji, ɗana. Mai bashi ne bai ji ba.” Sanin farashi na amfanar wanda zai iya jira. Abin da ke ba talaka ikon jira shi ne sito na ƙungiya inda zai jinginar da amfanin gonarsa ya karɓi rance, da buhun PICS mai ninki uku da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, suka gwada a nan Maraɗi, wanda ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba guba ba. In akwai waɗannan, saƙon farashi ya zama makami a hannun manomi. In babu, babban ɗan kasuwa ne ya ƙara ido.

Wajen kuɗi alherin ya fi fitowa fili. Gidaje da yawa a karkara kan kai damana ne da abin da ƴan cin rani ke aikowa daga Kano, Legas, Abijan, Agadas, Libiya ko Aljeriya. A da sai a damƙa wa direba ko ɗan gari mai komowa, a yi ta addu'a. Yau Nita da Al Izza da Amana sun buɗe ƙofa a garuruwa manya da ƙanana, ga kuma asusun waya na Airtel da Moov da Zamani. Kuɗin iri ya iso ranar da aka yi ruwan shuka, ba bayan mako biyu ba, kuma duk manomi ya san abin da mako biyu ke nufi a damanar da ba ta wuce wata uku ko huɗu. A farin 2010 ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi ga mata a jahar Tawa, wasu hannu da hannu, wasu ta waya. Da aka bi sawu, gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi samun ƙarin loma a yini. Kuɗin ɗaya ne. Bambancin shi ne matar ba ta ɓata yini a hanya da layi ba, kuma kuɗin ya shigo shiru, ba a gaban idon gari ba, ta sami zarafin yin shawara kafin a sa masa hannu.

Amma a can an ba matar waya tata ta kanta. A gidajenmu da yawa salular gida a aljihun maigida take kwana, in ya tafi cin rani ta bi shi. Wadda ke da tata ma, in ba ta karatu, sai ta miƙa wa yaron shago ta faɗa masa lambar sirri da babbar murya. Wata innata an kira ta aka ce daga ofishin tura kuɗi ne, wai an yi kuskuren zuba mata kuɗin wani, ta yi wa Allah ta mayar. Ta mayar, don ba ta son cin haƙƙin kowa. Kuɗin jar akuyarta ne ya tafi. Da halinta na kirki aka cuce ta, kuma babu ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a saurare ta da harshen da take ji. Dandalin da ya iya karɓar kuɗin tsohuwa cikin daƙiƙa, ya kamata ya iya karɓar kukanta da Hausa.

Akwai kuma darasin 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin da ya biyo baya, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har da layin da ke zuwa daga Katsina, aka rufe iyaka a Ɗan Isa. Eriya ba ta aiki sai da wuta ko gazuwal, waya ba ta aiki sai da caji. A ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, kuma masu shiga intanet ba su wuce ɗaya cikin huɗu ba, duk tsarin da ya ce sai ta manhaja kaɗai za a sami tallafi ko taki ya riga ya zaɓi waɗanda zai bari a baya. Shigowar Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, a 2025 ta kai intanet inda eriya ba ta kai ba, amma kuɗin na'urarsa ba na mai tiyar wake ba ne.

Inda na fi ganin amfanin abin da idona shi ne shawarar noma. Manya masu karatu da rubutu a ƙasar nan ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma shekara da shekaru bayanin hukuma da Faransanci yake fitowa. Saƙon murya ya rushe wannan katanga fiye da duk wata manhajar da aka ƙera da sunan manoma. Mai lambu a Jiratawa ya ɗauki hoton ganyen zogalensa da tsutsa ta ci, ya yi bayani da bakinsa, ya tura. Haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe layi inda ƙwararru ke amsa irin waɗannan tambayoyi ta WhatsApp da Hausa da Zabarmanci. Ba a koya wa kowa sabon abu ba. An je an same su inda suke. Yanzu da kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu sauran uzurin da zai sa gargaɗin fari ko na annoba ya fito da harshen da mai gona ba ya ji.

Ɗauki murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Masu bincike na INRAN da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun daɗe suna aiki da wata ƴar ƙaramar zanzaro da ke kashe ta: a rene ta cikin ƴan jakunkuna, a rataye a gonaki, ta bazu da kanta. Ba guba, ba kashe ƙudan zuma, ba ciwon ƙirji ga mai feshi. Ɗan bidiyo na minti biyu da Hausa na iya bayyana wannan ga ƙauyuka ɗari cikin mako. Amma a cikin gurup ɗin da za a tura shi akwai wani bidiyon, na mai tallan maganin feshi marar takarda, wanda ke nuna ƙwari na zubowa nan take. Wanne za a fi turawa? Na biyun, domin yana ɗaukar ido. A nan ne ya kamata a fahimci yadda manyan dandalolin ke cin abinci. Facebook da TikTok da talla suke rayuwa, tallan kuwa da yawan lokacin da ka ɓata kana kallo ake auna shi. Injin da ke zaɓo maka abin kallo bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba. Abin da ya tsai da yatsanka ya sani. Gawo kuwa shekaru yake ɗauka kafin ya yi inuwa, zanzaro sai an jira ta. Aikin gyaran ƙasa na haƙuri ne, dandalin kuwa da gaggawa aka gina shi. Wanda zai cike wannan giɓi mutum ne sananne, malamin gona ko shugabar ƙungiya, wanda in ya yi magana a gurup aka san gidansu.

Damanar 2024 ta nuna mana iyakar gargaɗi. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da hukumar yanayi ta ƙasa na fitar da hasashen damana duk shekara, kuma yanzu yana yawo a waya. Google ma na da dandalin da ke hasashen cikar koguna kwana bakwai kafin ta zo. Duk da haka a ƙarshen Agusta ruwa ya sauko wa birnin Maraɗi kamar da bakin ƙwarya, aƙalla mutum 15 suka rasu, gidajen laka suka zube. A ƙasa baki ɗaya mamatan damanar sun kusa 400, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya da rabi, jaharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Allah ya jiƙansu. A waɗannan kwanaki na ga waya ta yi aikin alheri: ana kiran maƙwabta cikin dare su fito, ƴan gari da ke waje na haɗa gudummawa ta iso da safe. Amma gargaɗi ga wanda ba shi da inda zai koma ƙarin fargaba ne kawai. Magudanar da leda ta toshe, duk da dokar hana leda ta 2014, ba saƙo ne zai yashe ta ba, filin da aka yanka a hanyar ruwa kuma ba manhaja ce ta sa hannu a takardarsa ba. Kakanninmu da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi a cikin gulbi, tudu aka hau da su aka sake gari. Abin da waya za ta iya, kuma ya kamata a tsara shi tun rani, shi ne sarƙar mutane: Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake zuwa, in ruwa ya ƙaru a madatsar Jibiya, saƙon murya ɗaya daga sanannen baki ya isa ya kai ga masu lambu daga Madarunfa har Tibiri kafin ruwan ya kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke hana ni barci shi ne jita-jita. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, akasari mata da yaran Fulani. Babu salula a lokacin, da ƙafa da baki labari ya yi tafiya, kuma ya isa. Bayan nan aka yi dokar karkara ta 1993, aka kafa kwamitocin filaye, aka shata burtali. Yau hoton gonar da aka yi wa ɓarna, ko na wata ƙasa ne, ko na shekara biyar da suka wuce, zai iya zagaye ƙauyuka goma kafin hakimi ya idar da sallar asuba. Saƙon murya da ke taimakon marar karatu shi ne kuma ya fi wuyar tantancewa: ba a ganin fuskar mai shi, kamfanin ba ya jin abin da ke ciki, ga shi ya zo daga wayar ɗan'uwa. A kudancin jaha, inda masu satar mutane ke tsallako iyaka, waya ɗaya ce ake gargaɗi da ita, ake kuma cinikin fansa da ita. Da hukumomin Najeriya suka rufe layukan waya a Zamfara da wani sashe na Katsina a 2021, mai neman likita da mai jiran aike sun sha wahala tare da ɓarayin. Mu ma muna da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a 2024 da hukuncin ɗauri. Na fahimci dalilin, amma ina tsoron kada tsoron doka ya rufe bakin mai gaskiyar da ya ga ana sare dajin Baban Rafi ko ana cin burtali. Maganin da na fi yarda da shi shi ne wanda Ɗan Saga ta yi wa itatuwa: a sa hakimi da arɗo da limami da wakiliyar mata a gurup ɗaya, kowane labarin ɓarna ya bi ta kansu, wani ya taka ya gano da ido kafin a ɗauki sanda.

Ita kanta wayar tana da nata dattin. Koma rumfar mai caji ka leƙa bayanta: batura da suka kumbura, fitilun hasken rana masu arha da suka mutu cikin wata shida, allunan waya fasassu. Yara na wasa da su, awaki na kiwo a kai, wasu na fasa batirin mota su zubar da ruwansa a ƙasa don su sayar da darmar, gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro har abada. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kashi 22 cikin 100 kawai aka tattara bisa ƙa'ida, a Afirka kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Can nesa kuma, manyan rumbunan kwamfuta da ke riƙe da hotunanmu da muryoyinmu sun sha kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100 na wutar duniya a 2024, wato abin da Nijar duka ke sha fiye da sau ɗari. Masu gyaran waya na kasuwa, waɗanda ke ciro kayan wannan su rayar da waccan, su ne ke rage mana wannan shara ba tare da kowa ya kira su masu kare muhalli ba. Kamfanin da ya iya kai katin kiredi ƙauyen da ba mota, ya iya dawo da mataccen batir ta hanyar da katin ya bi.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi damuna don tana tafe. A 2023 masana sun wallafa ƙidayar itatuwa kusan biliyan 10 a busassun ƙasashen da ke kudu da Sahara, ɗaya bayan ɗaya, daga hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta mai koyo, har da kiyasin iskar kabon da kowane ya riƙe. Wato gawon da ke gonar kawuna yana cikin lissafin wani, a wata ƙasa. Kamfanonin da ke gurɓata iska na sayen wannan lissafi don su rage laifinsu, kuma ana ta gina dandalolin da za su haɗa su da ƙananan manoma. In an yi da gaskiya, kuɗi ne da manomin Maraɗi ya cancanta, shi da ya yi shekara arba'in yana wa duniya aiki kyauta. Amma mu tuna abin da ya kashe itatuwa tun farko: ranar da manomi ya ji itacen ba nasa ba ne. In yarjejeniya ta ce kada ya datse reshe don rumbu, kada matarsa ta ɗebi ice, kada makiyayi ya kakkaɓo wa tumaki ƴaƴan gawo da rani, to ma'aikacin gandun daji ya dawo ke nan, wannan karon daga sama yake leƙe, kuma ba a iya zuwa gidansa a roƙe shi.

Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, amma taswirar gona da ƙidayar itatuwanta ba abin da mutum ɗaya zai kare ba ne, sai gari. Don haka duk wanda ya zo ƙauye da waya yana zagaye gonaki yana ɗaukar iyaka, a ba shi ruwa ya sha, sannan a zaunar da shi gaban hakimi da kwamitin filaye. A karanta takardarsa da Hausa, da ƙarfi, mata na ji, makiyaya na ji. A faɗi wa zai saya, nawa ne, nawa zai tsaya a hanya, shekara nawa aka ɗaure gonar, wa zai karɓa in mai gona ya rasu ko in gonar aro ce, da abin da zai faru ranar da aka sare reshe don gyaran rumbu. A bar kwafin takardar da na taswirar a garin, a hannun mutum fiye da ɗaya, kafin kowa ya dangwala yatsa.